Yau mun wuni da yashi da laka a ɗakin gwaji

Yau kam tun safe muna ɗakin gwaji, aikin auna yadda ruwa ke ratsa ƙasa, wato k ɗin nan da malam ya dame mu da shi. Da yashi muka fara, shi ana riƙe tsayin ruwa ne daram tunda ruwa na wuce shi da sauri. Silindar faɗinta santimita 10, fuskarta 78.5 cm² kenan, tsawon samfurin yashin santimita 15, bambancin tsayin ruwa santimita 30, muka tari 500 cm³ cikin sakan 120. Lissafin ba wani abu ba ne wallahi, Q (ruwan da muka tara) sau L (tsawon samfurin) a raba da A (fuskar silindar) sau h (bambancin tsayin ruwa) sau t (lokaci), ya ba mu wajen 0.027 cm a sakan, kuma haka ake tsammani ga yashi mai tsabta. Dokar Darcy ce dai, injiniyan Faransa da ya fitar da ita a 1856 yana aikin ruwan garin Dijon.

Iska ce ta cinye mana rana. In kumfar iska ta maƙale tsakanin ƙwayoyin yashi sai ta toshe hanya, k ya fito ƙasa da gaskiyarsa, shi ya sa dole a shigar da ruwa ta ƙasa yana hawa a hankali har samfurin ya jiƙe sharkaf, in ka yi gaggawa kuma yashin ya motsa ka koma farko. Wani rukunin nasu ruwa ne ke zurarewa ta jikin bangon silinda, lambar tasu ta haura, suna ta murna wai sun riga kowa gamawa. Ga kuma zafin ruwa, mai ɗumi ya fi gudu, sai an mayar da sakamakon kan digiri 20. Ni dai a ganina duk rahoton da bai faɗi yadda aka daddale samfurin ba, k ɗinsa bai da amfani.

Laka kuwa sai haƙuri. Siririn bututu ake cikawa a lura da yadda ruwan ke sauka daga tsayin farko (h1) zuwa na ƙarshe (h2), sai a sami k da aL bisa At sau ln(h1/h2), inda ƙaramin a ke nufin fuskar bututun, ln kuma logarithm na e ne. k ɗin laka na iya kai 10⁻⁷ cm a sakan ko ƙasa da haka, don haka mun rufe bakin bututun kar ruwan ya ƙafe ya ɓata lissafi, gobe wanda ya fara isowa shi zai karanta h2.