Sunan Oga Ne a Jikin Allon

Ƙarshen watan nan zan bar ofishin da na fara aikin zanen gini a cikinsa. Masu tasowa a bayanmu suna tambayata abin da na koya, to ga shi, kuma kusan duka daga aiki ɗaya ya fito: ƙaramin asibitin da wani attajiri ya gina wa unguwarsu a nan Kano, wanda aka buɗe kwanan baya.

Oga, wato shugaban ofishinmu, ya so a lulluɓe fuskar ginin da gilashi tun daga ƙasa har sama, wai irin na Dubai. Fuskar nan kuwa yamma take kallo. Duk wanda ya yi watan Afrilu a garin nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da ranar la'asar za ta yi wa mai jego a bayan gilashi, ga wuta ba tabbas, ga tsadar man janareto. Na juya zanen, dogayen bangaye suka kalli kudu da arewa, na buɗe tsakar gida a tsakiya, na sa tagogi suna fuskantar juna don iska ta ratsa, na yi wa gabas baranda mai faɗi saboda daga can hadari ke tasowa. Ba ni na ƙirƙiro ba. Maginan da suka yi Gidan Makama da tubali da azara sun san wannan tun kafin a kafa sashenmu na koyon zanen gini a Zariya.

Da Oga ya gani, a gaban kowa ya tambaye ni ko zauren kakana aka ce in zana. Na ce, "Ranka ya daɗe, a kai wa Alhaji duka biyun ya zaɓa." Alhaji ɗan kasuwa ne, da aka lissafa masa kuɗin na'urorin sanyaya ɗaki bai ƙara waiwayar gilashi ba. Tun daga ranar gaisuwata ta daina isa kunnen Oga.

Faɗan da ya fi ci mini rai na dakin ne, wato rufin kankare. Ɗan kwangila ya matsa a cire katakon da ke tallafe da shi da wuri don a kai wani aikin, alhali kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka tsara masa. Ni da injiniya muka ƙi sa hannu, Oga ya ce ina ɓata masa hulɗa. Wanda ya ga benen da ya rufta a titin Beirut na nan Kano a 2022 ba zai yi wasa da wannan ba.

Ranar buɗewa, Oga ne a kujerar gaba da babbar riga, yana yi wa manyan baƙi bayanin hikimar tsakar gida kamar da ita aka haife shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sunansa ne a allon bakin ƙofa. Ni ina can baya tare da birkiloli, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi ya cika ni. Mata sun cika barandar suna jiran kati ba mai fifita, wani bawan Allah ya haura gangaren da kekensa na guragu ba wanda ya tura shi, gangaren da sau da yawa aka ce in goge saboda yana cin fili. Babban birkilan ya dafa ni ya ce, "Yallaɓai, aikinka ya yi." Wannan ta ishe ni, ko da yake da an ƙara sunana a ƙasan allon da hannun kowa bai karye ba.

Sauran darussan gajeru ne. Duk umarnin da aka ba ka a baki, ka nemi a rubuta. Kada a zuba kankare ba ka ƙirga rodi da idonka ba. Ka ajiye kwafin zanenka mai kwanan wata a gida.

Shekaranjiya Oga ya aiko masinja in tura masa fayil ɗin asibitin, wai wani Alhaji a Hotoro yana son irinsa sak. Na tura.