Baƙin Layin da ke Tsakiyar Bambar Tsohuwar Beetle

Duk wanda ya san Volkswagen Beetle, irin wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, zai tuna cewa bambarta ba ƙyalli ba ne zalla. Tun daga samfurin 1968 kamfanin ya koma ga bamba mai faɗi, wadda ke da kwari a tsakiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma a cikin kwarin nan akwai baƙin layi. Rana da wanki sukan cinye layin tun kafin ƙarfen ya gaji, shi ya sa za ka ga mota ta sha sabon fenti amma fuskarta ta ƙi fitowa yadda aka san ta.

Ni a ganina, abin da ya fi muhimmanci a aikin maido da wannan layi shi ne a kare kurom, wato rufin nan mai ƙyalli da ke saman bambar, domin fenti ana iya sake shi ko yaushe, shi kuwa kurom in ya tafi sai an kai bambar wurin masu rina ƙarfe, kuma ba kowane gari ake samunsu ba. Abin da ido ke gani yana ƙyalli rufi ne bisa rufi: a aiki mai kyau jan ƙarfe ne a ƙasa, sai nikel, sannan kurom a sama, wanda kaurinsa bai kai maikiron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Saboda haka nake jin takaici idan na ga yaron mai fenti ya ɗauko samfefa yana gurzar bamba gaba ɗaya da sunan share tsatsa. Ɗigon tsatsar da ke sama, takardar alminiyom da aka dunƙule aka tsoma a ruwa ta isa ta ɗauke shi, kuma ba ta karce kurom saboda ta fi shi laushi.

Santsin da ke ba kurom kyau shi ne kuma ke hana fenti kama shi. Don haka bayan an wanke bambar da omo, an goge ragowar tsohon layin da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, sai a rufe gefe biyu na kwarin da siririn salatif na masu fenti, a bi bakinsa da farce har ya kwanta sarai, musamman a inda bambar ta lanƙwasa, domin nan ne fenti ke satar hanya ya shige ƙarƙashi. A cikin kwarin kaɗai ake gogawa da samfefa mai laushi, har ƙyallin ya dushe, sannan a sake gogewa da tina, kada kuma yatsa ya ƙara taɓa wurin, don maiƙon hannu ma yakan sa fenti ya ɓare. Daga nan sai faraima, wato shafin farko da fenti ke hawa a kansa, kuma irin da ake kira ifoksi ta fi riƙe irin wannan ƙarfe, sannan baƙin fenti shafi biyu ko uku marasa kauri.

Lokacin cire salatif yana buƙatar lura. Idan fentin ya fara kamawa, yana ɗan danƙo amma bai bushe ƙarau ba, sai a ja salatif ɗin a hankali yana komawa bayansa; in aka bari ya kwana, bakin layin yakan tsage kamar haƙoran zarto.

Akwai masu manna baƙin salatif na roba maimakon fenti, kuma ban ga laifinsu ba, tunda ya fi kusa da yadda motar ta fito daga kamfani. Sai dai zafin ranarmu a watan Afrilu yakan narkar da gam ɗin, kusurwoyi su fara ɗagowa, ƙura ta samu wurin zama, wannan ne ya sa na fi son fenti. Amma kada a yi aikin a fili lokacin hunturu, a nemi ɗaki a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, kuma a bar bambar kamar mako guda kafin a wanke ta ko a sa mata man ƙyalli.