Abin da zafin Sakkwato ya koya mini wajen ɗaura wa furosesa fanka

A shagon gyaran kwamfuta inda nake koyon aiki a cikin garin Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu ne aka fi kawo mana kwamfutocin gida masu mutuwa da kansu da rana tsaka. In aka buɗe, sau da yawa sai a tarar mai ita ya sa furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai ƙarfi, ya bar mata tsohuwar fanka, ko kuwa ya ɗaura sabuwa ba ta zauna daidai ba.

Abin da na fara ganewa shi ne fanka ba ta yin sanyi da kanta. Iskar ɗakin take hurawa a kan ƙarfen da ke zuƙe zafi daga furosesa. Mu kuwa a bazara zafi kan haura digiri 40, alhali furosesar Intel tana rage gudu in ta kusa 100, Ryzen 7000 ta kamfanin AMD kuma a 95. Tazarar da ta rage mana kaɗan ce, don haka sakacin da zai wuce lafiya a ƙasa mai sanyi, a nan cikin mako ɗaya asirinsa ke tonuwa.

Yawancin sakacin yana tsakanin ƙarfen da bayan furosesa. Ido na ganin su sumul, amma akwai 'yan ramuka da iska ke maƙalewa, iska kuwa ba ta wuce da zafi sosai. Aikin man da ake shafawa a tsakaninsu ke nan, ya cike ramukan kawai. A goge tsohon da sifirit, a bari ya bushe, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ƙarfen zai baza shi da kansa. Masu lafta shi suna ɓata bod, wato babban allon da furosesa ke kai, a banza. Masu sa man goge baki kuma, wannan ganganci ne, bushewa yake yi. Sannan a duba ledar da ke manne a gindin sabon ƙarfe; maigidana ba ya barin kowa ya taɓa sukurdireba sai ya ga ledar a hannunsa. "Kai yaro, ina ledar?" ita ce tambayarsa kullum.

Ɗaurin noti huɗun da ke riƙe ƙarfen ma ba a jere ake yinsa ba. A murɗa ɗaya kaɗan, a tsallaka wanda ke fuskantarsa ta kusurwa, a riƙa zagayawa har su tsaya, don nauyin ya sauka daidai.

Wajen cire tsohuwar fanka na fi jin tsoro. Furosesar AMD ta soket AM4 (soket shi ne mazaunin furosesa a kan bod) ƙafafunta a jikinta suke, in man ya bushe ya kama, fizga ɗaya sai ta biyo ƙarfen ƙafafun su lanƙwashe. A kunna kwamfutar ta ɗan ɗumama, a kashe, a zare waya daga bango, a murza ƙarfen hagu da dama a hankali kafin a ɗaga. Da hunturu kuwa, iska ta bushe, jiki na tara lantarkin nan da ke ɗan tsunkular mutum, sai a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa bod.

Kafin a biya kuɗi a tambayi soket. Soket LGA1700 da Intel ta fitar a 2021 ramukan ɗaura fankarta sun bambanta da na LGA1200, sai da maɗauri nata. A auna tsayin ƙarfen kuma, kada murfin akwati ya ƙi rufuwa.

In an gama, wayar fanka ta shiga inda aka rubuta CPU_FAN, a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa da an kunna kwamfuta, a ga tana juyawa, a kalli digirin na 'yan mintuna. Duk wanda ya zo karɓar tasa ina roƙonsa ya dawo da ita bayan hunturu a busa mata ƙura kafin bazara ta shigo.