Riƙe yaran kirki a kasuwancin intanet

A Garwa da Marwa, har Kusuri da Njamena, yawancin masu sayar da atamfa, turare da takalma ta WhatsApp da Facebook ma'aikatansu ba sa wuce uku: mai amsa saƙo, mai ɗaure kaya ya kai tasha, sai mai babur da ke kai wa mutane har gida. Tafiyar mai amsa saƙo ta fi ciwo. Hajiyar da ke sayen leshi duk wata ba ta taɓa taka shagon ba. Muryar yarinyar kawai ta sani, yarinyar kuma ta san launin da Hajiya ke so da lokacin da kuɗi ke shigo mata. Ranar da ta bar aikin, da Hajiya za ta tafi.

Saboda haka layin ciniki ya zama da sunan mai shago aka yi masa rajista, haka ma asusun kuɗin waya na Orange Money ko MTN a Kamaru, ko Airtel Money da Moov a Cadi. WhatsApp Business yana bari a haɗa wasu na'urori har 4 a kan lamba ɗaya, kowa ya yi aikinsa. Wannan kariya ce kawai, ba ita ke zaunar da mutum ba.

Abin da ke korar yaran kirki, a ganina, yankan albashi ne babu ƙa'ida. An kai kaya, mai saye ya ce ba kalar da ya gani a hoto ba ce, ya ƙi karɓa. Kuɗin mai da na mota sun tafi. Ko wani ya turo hoton saƙon biya na bogi, yarinya ta saki kaya. Ƙarshen wata sai maigida ya zabtare sefa 15,000 bai ce uffan ba. Ta yi shiru, amma daga ranar ta fara cigiyar wani wuri. Gyaran shi ne a rubuta tun farko, kowa da takardarsa a hannu: kaya ba sa fita sai an duba asusu an ga kuɗi sun shiga, wanda ya karya wannan shi ke biya. Kayan da aka dawo da su don hoto ya ruɗi mai saye kuwa asarar shago ce. Hakan ne adalci.

Albashi ya fito a rana ɗaya tsayayya. Mafi ƙarancin albashi a Kamaru tun 2023 sefa 60,000 ne ga ayyukan da ba na gwamnati ko na gona ba, a Cadi ma 60,000 ne, sannan akwai rajistar CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata. A ɗora kamasho a kai, misali sefa 200 ko 300 kan kowane kaya da ya isa aka karɓa, ba wanda aka yi oda kawai ba, a lissafa duk Asabar a gabanta. Kuɗin data da gyaran waya na shago ne.

Sai lokaci. Saƙo ba ya daina shigowa, musamman goman ƙarshe na azumi. A yanke awa, bayan isha'i saƙon da ke amsa kansa ya karɓi aiki, watan sallah kuma a ƙara mutum ko a ƙara kuɗi. Mai babur kada a tura shi da tsakar rana a zafin Maris da Afrilu in kayan za su iya jiran la'asar.

Iyayenmu 'yan kasuwa sun san wani abu da muke mantawa: yaro yana jure wahalar shago ne don ya san ubangida zai sallame shi da jari. A faɗa masa shekarun tun yau. Bayan shekara 3, alal misali, a ba shi kaya bashi a farashin sari ya buɗe nasa shafin, ko a damƙa masa ɓangare guda, kamar na turare, yana ɗaukar kashi 10 cikin ɗari na ribarsa, a sa hannu a gaban shaidu biyu.