Na je kasuwar tsofaffin kwalabe a Baltimore

Jiya na cika kwana biyar da dawowa daga Amurka amma har yanzu in na rufe ido kwalabe nake gani. Ɗan yayata na je dubawa a jihar Maryland, ranar Lahadi da asuba ya ce Kawu shirya, yau zan kai ka inda ba ka taɓa zuwa ba. Sanyin watan Maris ne, irin mai shiga ƙashi. Na ɗauka gidan tarihi za mu, ashe kasuwar tsofaffin kwalabe ce da ƙungiyar masu tara su ta Baltimore take shiryawa sau ɗaya a shekara. Har kuɗin shiga ake biya, kuma mun tarar da layi.

Tebura ne jere cikin wani ƙaton zaure, yawanci dattawa masu furfura, kowa da 'yar tocilan yana haska gindin kwalba kamar mai duba zinare. Mu a gida kwalba in ta tsira daga 'yan jari bola to man gyaɗa za a zuba mata ko fetur, a Bida kuma narka ta ake a yi duwatsun wuya da awarwaro. Nan kuwa wai kar ka ɗauka sai ka nemi izini.

Teburin wani tsoho ne ya tsayar da ni, kusan awa guda na yi a wurin. Duk kwalaben bitas ne, wato maganin ɗaci, amma kowace da siffarta. Ga mai kamar ɗakin gungumen itace, Drake's Plantation Bitters, da rubutun 1862 a jikinta. Ga kifi na W.H. Ware na 1866, har ɓawon jikinsa ka ji shi a yatsa. Ga wata mace tsaye ta Brown's daga Philadelphia, suna ce mata sarauniyar Indiyawan daji. Akwai mai siffar alade daga Boston, wannan dai kallo na yi daga nesa. Wadda ta tafi da hankalina ita ce National Bitters ta 1867, goyon masara sak, ƙwaya-ƙwaya a jere, ganyen ya rufe ƙasan, da ya ɗaga ta saitin fitila sai ta yi launin zuma. Wallahi na daɗe ban ga aikin hannu irin wannan ba.

Shi ya ba ni tarihin, bai gaji ba duk da tambayoyina. Lokacin yaƙin basasarsu gwamnati ta ɗora haraji kan giya a 1862, shi kuma magani harajinsa bai kai haka ba, sai mutane suka riƙa jiƙa saiwoyi da ɓawon itace a cikin barasa su kira shi magani, wai yana maganin ciwon ciki da zazzaɓi da kasala duk a kwalba ɗaya. Nan na tuna masu mota da lasifika a kasuwanninmu, basir da shawara da sanyi duk jarka guda. Abin ya dame ni gaskiya, don talakan da ya saya lafiya yake nema. Kamfanonin sun yi yawa, shi ya sa kowa ya nemi siffar da za a gane tasa ko ba a iya karatu ba. Wata doka da gwamnatinsu ta kafa a 1906 ta tilasta rubuta barasar da ke ciki a takardar kwalba, daga nan kasuwar ta fara mutuwa.

Ya nuna min yadda ake gane ta gaske, kumfar iska a cikin gilashin, layin ɗinki, wato alamar mahaɗin mazubin da aka yi kwalbar a ciki, da yake tsayawa a wuya saboda bakin da hannu aka ɗora shi. Da yawa wai daga ramin tsofaffin masai ake tono su, don can ake jefa shara a da. Kuma launi shi ne kuɗi, ruwan ƙasa da sauƙi, kore ko shuɗi kuwa dubban daloli. A ganina tsadar ta yi yawa, ba ma in ka juya ta zuwa naira, amma na fahimci mai saye.

Masarar ta fi ƙarfin aljihuna. Na taya wata Drake's mai ɗan tsagu a baki, ya ce dala 90, na ce 50, ɗan yayata yana taɓa ni wai Kawu nan ba Kurmi ba ce. Tsohon ya yi dariya ya sallama a 60, ya naɗe ta da jarida da kansa, ya ƙara min wata 'yar kwalbar tawada kyauta.

Washington mun je washegari, gine-gine ne da tafiyar ƙafa. New York kwana ɗaya, tsada da hayaniya, ba mai amsa sallama.

A filin jirgi wani jami'i ya zazzage jakata, ya warware jaridar ya riƙe kwalbar da yatsu biyu yana tambaya cikin tsawa me zan yi da fankon kwalba, gabana na faɗuwa kar ya sake ta. Ya dangwarar da ita ya ce in wuce. Yanzu tana saman kabad a falo, na hana yara zuwa wurin, uwargida kuma ta yarda ba za a zuba mata manja ba.