Abin da rajistar sallama ta koya min

Shekara huɗu kenan ina aiki a ofishin kati na wani asibitin gwamnati, mu ne masu fayil da rajista, kuma duk ƙarshen wata mu ke haɗa lissafin da ake turawa sama. A makaranta an koya mana yadda ake auna aikin asibiti, kashi nawa na gadaje ke cike, kwana nawa mara lafiya ke yi kafin a sallame shi, mutum nawa suka rasu cikin duk 100 da aka kwantar. Sai mu zuba a DHIS2, manhajar nan da jami'ar Oslo ta Norway ta ƙirƙira wadda ma'aikatar lafiya ke tara bayanai da ita. Ni dai a lokacin gani nake in lissafi ya yi kyau to asibiti ya yi kyau, shi kenan.

Wani watan Satumba, lokacin da maleriya ke kwantar da yara har sai ka ga biyu a gado ɗaya, na haɗa lissafin ɗakin yara sai na ga kwanakin kwanciya sun ragu, mace-mace ma sun ragu. Da murnata na kai wa metiron ɗinmu, wato shugabar nas-nas, dattijuwa ce ta kusa ritaya, na ce Mama kun yi ƙoƙari wannan watan. Ta kalli takardar ta kalle ni ta ce, ɗana, koma ka buɗe fayil ɗin nan ɗaya bayan ɗaya sannan ka dawo mu yi magana.

Da na buɗe sai na riƙa cin karo da shafin nan da uba ke sa hannu ko ya dangwala yatsa cewa zai tafi da ɗansa ba da yardar likita ba. Ɗaya ma a gabana aka yi, na tuna shi sarai, wani bawan Allah ne daga ƙauye yana tsaye bakin tagarmu, takardar magani a naɗe cikin hannunsa duk ta jiƙe da gumi, yarinyarsa na buƙatar ƙarin jini, ya ce min ya sayar da tunkiya kuɗin sun ƙare tun jiya kuma ga gona ba kowa ga sauran yara a gida, ya dangwala yatsa, uwar ta goya ta suka fita. Wallahi a rajistarmu layin sallama na sa ta, layi ɗaya da wanda ya warke ya tafi da ƙafarsa. In ta cika a hanya ko a gida lissafinmu bai sani ba, hasali ma ta taimaka mana, ta rage kwanaki kuma ba ta shiga cikin mamatanmu ba. Daren nan na daɗe ban yi barci ba.

Daga baya na karanta abin da ya faru a asibitin Stafford na Ingila tsakanin 2005 da 2009, inda binciken da Robert Francis ya jagoranta ya fitar da rahoto a 2013 cewa shugabannin asibitin sun fi mai da hankali kan cika ƙa'idojin lissafi da daidaita kuɗi, alhali marasa lafiya na kwance cikin ƙazanta ba mai kula su. Ƙasar da ke da kuɗi da kwamfuta kenan fa, balle mu da har yanzu biro da rajista ne tushen komai.

Haka ma maganar yawan mace-mace. Babban asibiti shi ake turo wa wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, an zaga kemis an zaga mai maganin gargajiya an sha ƙarin ruwa a gida, sai rai ya yi halinsa awa kaɗan da isowa. Shi ya sa a ƙa'idar aikinmu ake ware waɗanda suka rasu kafin awa 48 da kwanciya, amma mutane da yawa ba sa duba wannan, sai a kwatanta shi da ƙaramin asibitin da yake tura duk mai tsanani gaba a ce wancan ya fi iya aiki. Wannan zalunci ne ga likitoci da nas-nas ɗin da suke kwana a tsaye.

Ban daina yarda da lissafi ba, da shi muka nuna wa hukuma cewa cikar gadajen ɗakin yara na wuce 100 bisa 100 duk damina har aka ƙaro gadaje. Amma yanzu na ja layi na musamman da jan biro a rajistata na waɗanda suka tafi ba da yardar likita ba, da dalilin tafiyar, kuɗi ne ko nisa ko faɗa da ma'aikaci, kuma ina roƙon lambar waya ko ta maƙwabci ce. Bayan sati ɗaya nakan kira da katin wayata. Wasu su ce jiki da sauƙi Malam mun gode, wasu kuma tun daga yadda aka amsa sallamar na san gaisuwa zan yi.