Kafin ku yi odar kabad ɗin kicin ta intanet, ku fara da tef

Masu haɗa kabad ɗin kicin na Kano, Kaduna, Abuja da Legas yanzu suna karɓar oda ta Instagram da WhatsApp, su yanka katako a can, su ɗoro muku a mota har Birnin Kebbi ko Argungu ko Yawuri. Aikinsu na da kyau, injinansu na yanka daidai. Sai dai mai yankan bai taɓa taka ɗakinku ba. Lambobin da kuka tura masa su ne idonsa, in kun yi kuskuren santimita 2, shi ma zai yanka muku kuskuren da kyau, kuma allon da aka yanka ba ya komawa.

Kada a ɗauki awo sai an gama filasta an manna tayil. Tayil da simintinsa na iya cin santimita 1 zuwa 2 a kowane bango, wato 2 zuwa 4 tsakanin bango biyu. Ku samo tef na ƙarfe mai mita 5, ba irin na tela ba, mutum biyu su riƙe. Kowane bango a auna shi sau uku: kusa da ƙasa, a tsayin santimita 90, sai kuma sama wajen mita 2. Wanda ya fi ƙanƙanta shi za a tura, domin da wuya a samu magini ya miƙe bango sak daga ƙasa har sama.

Ku rubuta komai da milimita, kuma ku faɗa wa mai haɗawa hakan ɓaro-ɓaro. Kafintocinmu sun saba da inci, kuma a baki ana ɗaukar inci 24 tamkar santimita 60 ne, alhali kusan 61 ne. A jera kabad biyar a kan wannan zato, an samu rarar kusan santimita 5, na ƙarshe ya ƙi shiga.

Sai kusurwa, inda yawancin kicin mai lanƙwasa ke lalacewa. Daga kusurwar ku auna santimita 60 a bango ɗaya ku yi alama, 80 a ɗayan, sannan ku auna tsakanin alamomin biyu. In ya ba da 100 cif, kusurwar daidai take. In ya kauce, ku rubuta abin da ya bayar ku tura. A ɗora lebur, wato abin gwada gangara na magina, a ƙasa ma, don ɗakin girki galibi ana gangarar da daɓensa zuwa magudana. Daga nan a zana kowane bango a takardarsa daban, a nuna taga da tsayinta daga ƙasa, ƙofa da ɓangaren da take buɗewa, soket, bututun ruwa da na fitar da shi, kowanne da nisansa daga kusurwa guda. A haɗa da hotuna da ɗan bidiyo.

Ma'aunin da aka saba shi ne kabad na ƙasa ya yi tsayin santimita 72, ƙafafu 10 zuwa 15, saman tebur 2 zuwa 4, jimla wajen 90. Zurfin tebur 60. Na sama zurfinsa 30 zuwa 35, a bar 50 zuwa 60 tsakaninsa da tebur. In kabad na fuskantar juna, hanyar tsakiya kada ta gaza mita 1, in so samu ne santimita 120. Inda kabad ya haɗu da bango a bar santimita 5 a toshe da ɗan allo, in ba haka ba ƙofa za ta riƙa gugar bango. Wanda zai gwada tsari a manhajar zana kicin ta kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya lura: nasu kabad na ƙasa 80 ne a kan ƙafa 8, don haka ku ɗauki fasali kawai, kada ku kwafi lambobin.

Abin da ya fi damuna shi ne a kwafo hoton kicin ɗin da ba a yi shi don girkinmu ba. Wadda za ta tuƙa tuwon mutum goma sha biyar tana buƙatar ta danna muciya da ƙarfin kafaɗa. Ɗora babbar tukunya a kan murhun da ke tsayin 90, bakinta ya kai ƙirji, tuƙi ya zama azaba. Mafita ita ce a saukar da ɓangaren murhu zuwa 70 ko 75, ko a bar fili a ƙasa don murhun gas mai kai ɗaya. Uwargida ce za ta yanke wannan, ba maigida ba, ba mai zane ba. A sa ta tsaya a ɗakin ta nuna inda hannunta ke sauka.

Haka ma kayan ajiya. A Kebbi shinkafa buhu ake saye, ga gero, ga masara, ga jarkar mai da ta ruwa. Durowa ta gama-gari ba ta ɗaukar buhu mai kilo 50, layinta zai lanƙwashe. A ware kabad dogo marar shelf a ƙasa, ko a bar buhu a sito. Ku auna tukunyarku mafi girma da kunnuwanta, ku auna turmi. In firizarku mai buɗewa ta sama ce, kada a rataya kabad a inda murfin zai buga.

Tukunyar gas kuwa, mazauninta na gaskiya waje ne, a inuwa, a shigo da bututu ta bango. In dole sai a ciki, ku sani gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Don haka kabad ɗinta ya samu ramukan iska ta ƙasa, babu soket a ciki, kuma a auna ta har da kan da ake ɗaura mata. Na'urar zuƙe hayaƙi ta yi nisan aƙalla santimita 65 zuwa 75 daga murhun gas.

Batun katako, ku tambayi sunansa da kaurinsa, a rubuce. Milimita 18 ake so. MDF, wato allon da ake matsewa da garin katako, na karɓar fenti da kyau, amma in ruwa ya shige shi kumbura yake yi kamar burodi, don haka kabad ɗin sinki dai a yi shi da filawud mai jure ruwa. Zafin Maris zuwa Mayu a nan yana haura digiri 40, kuma yana ɗaga ledar da aka liƙa a bakin allo in gam ɗin mai araha ne. Ku nemi bakin robar PVC mai kaurin milimita 1 zuwa 2 wanda inji ya manna. Ƙafafu su zama na roba ko ƙarfe masu juyawa, don su raba katako da ruwan wanke daɓe, su kuma gyara gangara. A yi feshin maganin gara kafin a kafa komai. A saman tebur, giranayit ya fi marmara: marmara na shan manja, ruwan lemun tsami kuma yana cin fuskarta.

Kafin ku ba da kafin alƙalami, mai haɗawa ya turo zane mai ɗauke da lambar kowane kabad, ku fita da alli ku zana shi a daɓen kicin, ku gani da ido. Takardar yarjejeniya ta faɗi yawan hinji, layin durowa, hannun ƙofa, ranar isowa, wanda zai kafa, da wanda zai ɗauki asara in wani abu ya fashe a hanya. A bar cikon kuɗi sai an kafa. Kayan su taho a kwance allo-allo, kowane yanki da lambarsa, an naɗe kusurwoyi da kwali, kuma ku ƙirga a tasha kafin direba ya wuce.

Dutsen saman tebur kaɗai kada a yi odarsa tare da sauran. A bari sai kabad sun zauna an daidaita su da lebur, sannan mai dutse ya auna a kansu, ya huda wurin sinki da murhu da ainihin kayan a gabansa. In za a ɗauko shi, a tsaye ake jingina shi bisa gefensa, domin in aka shimfiɗa shi a bayan mota, rami ɗaya a hanyar Jega ya isa ya tsaga shi daga wurin hudar sinki.